Neman kalma: me za mu kira takardar da ake rubuta wa dattawa kalmomin sirri?

Tafinta:
Assalamu alaikum. Ina fassara ɗan littafin wayar da kai kan asusun intanet na iyaye da kakanni, ranar Alhamis zan miƙa. Inda na cije shi ne "emergency sheet": takardar da dattijo yake rubuta kalmomin sirrinsa ya adana, domin ranar da ya kwanta ciwo ko ya rasu iyalinsa su iya buɗe asusun. Har a kanun babi ta fito, don haka gajeren suna nake so. Na sa "takardar gaggawa" na wucin gadi, amma ba ta kwanta mini ba. Akwai kuma "master password", wadda take buɗe manhajar da ke riƙe sauran. Ku taimaka.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Cire gaggawa, mai karatu zai ɗauka wasiƙa ce da ake son ta isa da wuri. Kafin a raɗa suna a san abin da ke ciki. Ba a jera kalmomin sirri ɗari a kanta. Abin da ke buɗe sauran ake rubutawa: lambar buɗe wayar, adireshin imel da kalmar sirrinsa, babbar kalmar manhajar adana kalmomi idan yana amfani da ita, sai lambobin ceto na tabbaci mai mataki biyu, wato waɗanda ake shiga da su in ba a samu lambar tabbacin da ake turowa waya ba. Google na ba da guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kuma sau ɗaya kowace take aiki. Mai manhajar adana kalmomi ta 1Password sai ya haɗa da dogon mabuɗin nan mai haruffa da alƙaluma 34, don in babu shi babbar kalmar kaɗai ba ta buɗe asusun a sabuwar na'ura. Shafi ɗaya ya wadatar. Ni "takardar amana" zan ce.

Hajiya Mai Shiri:
Amana ta yi daɗin faɗa a iska, amma ta yi faɗi. Rasit ɗin kuɗin ajiya ma takardar amana ce. Me zai hana "wasiyyar sirri"?

Barista:
Hajiya, a yi haƙuri, wasiyya kam a'a. Na farko, wasiyya sai bayan rai take aiki, alhali takardar nan an fi buƙatarta tun mai ita na raye, yana asibiti ko mantuwa ta fara kama shi. Na biyu, kalma ce mai nauyi a shari'a. Ka kira ta wasiyya, wani zai kwashe kalmomin sirrin ya zuba a cikin wasiyyar gaske. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, da kotu ta tabbatar da wasiyya ta zama takardar da kowa zai iya nema ya karanta. Abin da ake sa wa a wasiyya shi ne inda takardar take da wanda aka ɗora wa alhakinta, shi ke nan. Tafinta, ka tabbata littafin ya faɗi wannan ma: riƙe takardar bai ba kowa izinin shiga asusun bankin mamaci ya kwashi kuɗi ba. Banki ake sanarwa, kuɗin su bi hanyar rabon gado.

Sarkin Ƙira:
Duk kun ɗauko doguwar hanya. Kullum sai suna da mahaɗi da wani suna, takardar kaza, takardar kaza, kamar harshen ba shi da ƙira. Ga kalma ɗaya: TUNATAU. Daga tunatar, da ɗafa-ƙeyar -au. Gaɓa uku, ba karan-ɗori, ta shiga kanu ta zauna. "Baba ya rubuta tunatau ɗinsa." Ina matsalar?

Malamar Nahawu:
Matsalar tana cikin misalinka, Sarki. Sai da ka jingina mata "ɗinsa" kamar baƙuwar kalma, domin kai ma kunnenka ya ƙi "tunatansa". Sannan -au ta fi kama mutum da halinsa, kamar mantau da makarau. Wanda ya ji tunatau zai zaci jikan da ke tuna wa kaka shan magani ne. Mene ne jam'inta?

Sarkin Ƙira:
Tunatau-tunatau. Ko a bar ta haka. Malama, fiddau mutum ne?

Malamar Nahawu:
Na ba ka fiddau. Jam'in ne dai ban karɓa ba.

Injiniya:
Ko nahawun ya yarda, ma'anar ta kauce. Mai tunatarwa alama yake ba ka, kai ka ƙarasa da kanka. Wannan ita ce babbar ɓarnar da ake yi a takardun nan: dattijo ya rubuta "sunan ƙanwata da shekarar aure", ya tafi, 'ya'ya su rasa wace ƙanwar, da babban baƙi ko ƙarami, shekarar cikakkiya ko alƙaluma biyun ƙarshe. A iPhone, in an kunna tsarin gogewa, kuskure 10 a lambar buɗewa ya share wayar. Kalmar ake rubutawa sak, harafi bayan harafi. A ja layi ƙarƙashin manyan baƙaƙe, a soke sifili da karan tsaye don kada a karanta shi O, a bambanta 1 da ƙaramin l da babban I. In akwai tazara a tsakiya a nuna ta. Sunan da zai sa mutane su rubuta alama kawai ya cuce su.

Dattijon Harshe:
Ni abin da ke damuna ya wuce nan. Kalma, sirri, amana, wasiyya: duk Larabci. Yara sun ari "kalmar sirri" daga fassarar waya, kowa ya bi. Muna da mabuɗi, Hausa tsantsa, daga buɗe. A ce "takardar mabuɗai", babbar kuma "uwar mabuɗai". In ana son ɓoyo a ciki, ga asiri nan.

Malamar Nahawu:
Allah ya gafarta Malam, asiri ma daga Larabcin ya zo, tushensu ɗaya da sirri. Kuma ka ce wa tsohuwa ta rubuta asirinta a takarda ta ba ɗanta, ka ga irin kallon da za ta yi maka.

Dattijon Harshe:
'Yata, asiri ya kwana a bakin Bahaushe har ya canza kama. Naku kuwa jiya aka sauke shi. Abin da nake faɗa shi ne an mayar da harshen ɗan dako, wasu su ƙirƙira mu ɗauka.

Sarkin Ƙira:
Abin da nake ta faɗa ke nan, Baba. Amma da na kawo tunatau aka taso mini. Da daga wata jami'a ta fito da tuni an sa ta a ƙamus.

Hajiya Mai Shiri:
Da daga jami'a ta fito ma sai mai sauraro ya gane ta kafin in faɗe ta. Kalmar da sai na yi mata bayanin minti ɗaya duk sanda ta fito, ta cinye mini shirin. Kuma ba aibi ba ne harshe ya yi aro, wane harshe ne bai yi ba?

Dattijon Harshe:
Aro daban, kasala daban.

Tafinta:
Ranku ya daɗe, Alhamis fa.

Barista:
To a dawo. "Mabuɗai" na da wata illa: magada za su zaci mabuɗan ɗaki da na akwati ake nufi, musamman a babin da ke maganar gado. Akwai kuma ainihin abin da kamfanoni ke kira mabuɗi. Apple ta fito da tsarin wakilin gado a 2021: mai waya ya zaɓi mutum, a ba mutumin mabuɗin shiga, ranar da ta faru ya haɗa shi da takardar shaidar mutuwa ya miƙa. Wannan mabuɗin ma ana so a buga shi a ajiye tare da takardar. Amma ku lura, wakilin na samun hotuna da saƙonni da fayiloli, ba ya samun kalmomin sirrin da ke ajiye a wayar. Wakilin gado na Facebook ma ba ya shiga asusun, ba ya karanta saƙonni. Google kuwa na barin ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18 na rashin taɓa asusun kafin ta tuntuɓi mutanen da ka ambata, har 10. Duk waɗannan ba su ɗauke wa takardar aikinta ba. In littafin ya kira kowane abu mabuɗi, mai karatu zai rikice.

Malamar Nahawu:
Ga wata: TAKARDAR KO-TA-KWANA. Ba sabuwa ba ce, kowa ya san shirin ko-ta-kwana. Tana nufin abin da aka tanada ana jiran ranar da ba a sani ba, ta haɗa ciwo da rasuwa ba tare da ta ambaci ko ɗaya ba, wanda zai sauƙaƙa wa ɗa buɗe zancen da mahaifinsa. Jam'i ba wahala: takardun ko-ta-kwana.

Hajiya Mai Shiri:
Wannan zan iya faɗa a iska gobe.

Injiniya:
Ta yi, kuma ta dace da yadda ake sarrafa ta. Kwafi biyu, a gini biyu daban, saboda gobara da ruwa. Kowane a ambulan da aka liƙe, mai shi ya sa hannu a kan bakin liƙin don a gane in an buɗe. A rubuta kwanan wata a sama. Rubutun hannu da biro ya fi. In za a buga, firinta mai hoda, don tawada na zuba in ta jiƙe, kuma a gida, kada a kai shagon buga takardu. Wanda ya fitar da jerin daga manhaja ya sani fayil ɗin da ke fitowa, wanda ake kira CSV, a buɗe yake, ba kulle ko ɗaya: a goge shi, a goge shi daga kwandon shara kuma. Kada a ɗauki hoton takardar, hoton na iya hawa intanet da kansa. Kafin a liƙe, wani ya zauna da takardar kaɗai ya gwada shiga a wata na'ura. A nan ake gano kalmar da aka canza aka manta. A sake dubawa duk wata shida. Layin wayar kuma kada a bar shi ya mutu bayan rasuwa, don ta nan lambobin tabbaci ke shigowa, kamfani kuma na sake sayar da layin da aka daɗe ba a taɓa ba.

Sarkin Ƙira:
Gaɓa bakwai da karan-ɗori biyu. Kuma ba ta ce komai kan kalmar sirri ba. Takardar ko-ta-kwana ta me? Ta asibiti? Ta tafiya?

Malamar Nahawu:
Wannan gaskiyarka ce. A karon farko sai a cika ta: takardar ko-ta-kwana ta kalmomin sirri. Daga nan a gajarta.

Dattijon Harshe:
Ko-ta-kwana dai tamu ce, ba zan ja ba. Sirrin nan ne ban haɗiye ba. Babbar fa? Uwar mabuɗai na nan.

Barista:
"Babbar kalmar sirri" ta fi aminci a rubutun da magada za su bi.

Hajiya Mai Shiri:
Ni kuwa uwar ta fi mini. "Uwar kalmomin sirri", a raba gardama?

Dattijon Harshe:
An ɗauki uwar an yar da 'ya'yan.

Tafinta:
Na gode ƙwarai. Kanun babi: "Takardar ko-ta-kwana", da cikon da Malama ta faɗa a sakin layin farko. Ɗayar na sa "babbar kalmar sirri" don ita ce ta dace da abin da mutane ke gani a wayoyinsu, na kuma rubuta wa edita "uwar kalmomin sirri" a gefe ya zaɓa. Barista, gargaɗin banki babu shi a asalin littafin, zan roƙi a ƙara.

Sarkin Ƙira:
Ka rubuta masa tunatau ma a gefen. Ya gani da idonsa.