Daren da kuka kai mara lafiya asibiti, me kuka tarar?

Mai buɗe zance, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako uku ke nan da sallamo mahaifiyata, jiki da sauƙi Alhamdulillahi, amma abin da na gani ya tsaya mini a rai. Hawan jini ne ya kayar da ita wajen ƙarfe ɗayan dare. Asibitin unguwarmu a rufe, sai maigadi. Muka nufi babban asibiti, aka ce babu gado. A kan benci aka duba ta, ƙanwata tana tsaye riƙe da ledar ƙarin ruwa har kiran assalatu. Likita ɗaya ne a sashen gaggawa, idonsa ya yi jajur don rashin barci, kuma wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa. Duk abin da ya rubuta, har safar hannu da sirinji, a kemis ɗin bakin ƙofa na sayo. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Gyaran harkar lafiya da ake ta ambata, ya iso wajenku?

Ungozoma mai ritaya, daga Jigawa:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni na kama aiki zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, kuma shekara 35 na yi, duk a ƙauye. A lokacinsa an ɗauki ƙaramin asibiti da daraja. Gida-gida muke bi muna koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, ga rigakafi, ga asusun magani da ake juyawa: a sayar da araha, a sake sayo wani da kuɗin. Da ya sauka, abin ya riƙa zubewa a hankali har kanta ta zama fayau.

Bayan nan shirye-shirye nawa na gani, kowanne da sabuwar riga da sabon littafin rajista. A 2009 aka turo mana ungozomomi ƙauyuka ƙarƙashin wani shirin tarayya. 'Yan mata biyu aka kawo mini, masu hannu da ladabi. An tsara cewa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa zai ba da nasa kason na alawus, ƙaramar hukuma kuma ta ba su wurin kwana. Watanni suka yi ta shuɗewa wani kason bai zo ba. A ɗakina suke kwana. Ranar da ta biyun ta ɗaure kayanta na raka ta tasha ina hawaye, don na san daga daren nan ni kaɗai ce kuma. Na sha karɓar haihuwa da tocila a bakina, hannuna biyu suna aiki. Na ga mai jijjiga an kawo ta a amalanke, babu allurarta a kanta, babu motar da za ta kai ta gaba.

Amma zan faɗi gaskiya, akwai gyara ɗaya da na taɓa da hannuna. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a riƙa ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Sai 2018 aka fara sa shi a kasafi, shekara 4 doka tana kwance. Da kuɗin ya fara zuwa, kai tsaye yake shiga asusun asibitin, ba ya bi ta sakatariya. Ba yawa gare shi ba, kuma yakan makara, amma da shi muka toshe rufin ɗakin haihuwa, muka gyara famfo, muka ajiye allurar jijjiga. Abin da bai iya saya mana ba shi ne mutum. Gini ko ya sha fenti, in babu mai kwana a cikinsa, rufe shi za a yi da magariba.

Malamin firamare:
Inna, Allah ya saka da alheri. Ni ina cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiharmu, ana cire wani abu daga albashina duk wata. Ba zan ci amanarsa ba: da aka yi wa uwargida tiyatar haihuwa, abin da na kashe bai kai rabin na maƙwabcina ba, wanda sai da ya sayar da ɗan maraƙinsa. Matsalata biyu. Katin mata ɗaya da 'ya'ya 4 ya ɗauka, ni kuwa iyalina sun fi haka. Sannan sau da yawa ka bi layi tun safe, a ce maganin naka babu, ka je waje. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, to amma manomi da mai tireda wa zai cire musu, daga ina? Har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita.

Likita mai neman ƙwarewa:
Yaya mai buɗe zance, na gode da ba ka zagi likitan nan ba. Ina iya cewa tun safe yake tsaye. Abin da ke faruwa shi ne, an raba aikin gida uku: ƙananan asibitoci na ƙaramar hukuma, manya na jiha, na koyarwa na tarayya. In na ƙasa ya rufe, kowa sai ya hauro sama, mai zazzaɓin cizon sauro da mai ciwon ƙoda a layi ɗaya, gado ya ƙare. Cikin waɗanda muka gama tare, da yawa suna Saudiyya da Ingila. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Albashi dalili ne, amma ba shi kaɗai ba. Ranar da yaro ya cika a hannuna saboda iskar numfashi ta ƙare a tukunya, na san abin da zan yi masa sarai, kayan ne babu, daren nan na fara tunanin tafiya. Har yanzu ina nan, saboda iyayena.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi:
Mu a Nijar tun 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, haka tiyatar haihuwa. Farkon abin mata sun cika gidan likita da goyo, yara da yawa sun tsira. Sai dai gwamnati ce za ta mayar wa asibiti kuɗinsa, kuma biyan yana daɗewa ƙwarai. Da na kai ɗiyata bara, ganin likita ban biya ko dala ba, magani kuwa takarda aka ba ni na sayo a gari.

Mai kula da tsofaffi, daga Ingila:
Kada a ɗauka nan an huta. Tsarinsu na lafiya na gwamnati, NHS, tun 1948 yake, ba a tambayarka kuɗi a bakin ƙofa, kuma wannan ni'ima ce babba. Amma jerin jiran jinya a asibiti ya haura miliyan 7 a 2025. Wata tsohuwa da nake dubawa ta warke sarai, ta ƙara sati biyu a gadon asibiti don babu mai kula da ita a gida, alhali wani yana cikin motar asibiti a waje yana jiran gadon. Mai buɗe zance, abin da ƙanwarka ta yi da ledar ruwan nan, nan sai an ɗauki ma'aikaci. A 2025 gwamnatinsu ta fito da shirin shekara 10, kuma babban abin da ke ciki shi ne a mayar da kulawa kusa da gida. Da na ji, maganar Inna ce ta faɗo mini.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai. Jiya da rana na leƙa asibitin unguwarmu. Ma'aikata 3 ne, duk daga nesa suke zuwa, babu ɗakin kwana. Shugabar ta ce akwai kwamitin mazaɓa mai lura da asibitin da ke zama duk wata, kuma ƙofa a buɗe take. Shekarata 20 a unguwar ban taɓa sani ba. Zan je. Inna, me zan tambaya?

Ungozoma mai ritaya:
Ka ce a nuna maka littafin kuɗin da ya shigo da ranar da ya shigo. Ka buɗe kantar magani da idonka, ka duba ko akwai allurar jijjiga da ta tsayar da jini, ka duba kwanan watansu. Sannan ka tafi da mai unguwa da limami, ku nemo ɗaki ɗaya mai ƙofa da makewayi kusa da asibitin, kafin ku je neman a turo muku mai kwana.