Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: a wannan rigimar waye kurar?

Direban Milwaukee:
Salamu alaikum jama'a, ku raba mu gardama. Jiya bayan Juma'a saura ƙiris mu ɓata da wani yayana da muke zaune tare nan jihar Wisconsin ta Amurka, kan farautar kyarkecin da aka yi a Fabrairun 2021 wadda har yau mutanen jihar nan ba su daina faɗa a kanta ba. Gwamnatin tarayya ta cire kyarkeci daga jerin dabbobin da aka hana taɓawa, hukumar daji ta jiha ta ce a bari sai Nuwamba, ƙungiyar mafarauta ta Hunter Nation ta ce ina, ta garzaya kotu, alƙali ya ce a buɗe farauta yanzu yanzu. An yanka musu kyarkeci 119 da za su kashe, kwana uku ba su cika ba sun kashe 218, yawanci da karnuka suka bi sawunsu cikin ƙanƙara. Ni abin ya taɓa ni wlh, sai na ce ai wannan shi ne kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, dabba ta sha harsashi, ƙungiya ta yi suna, 'yan siyasa sun kwashe ƙuri'un ƙauye. Yaya ya ce na ajiye maganar inda ba muhallinta ba, wai sai wanda ya yi wahalar aiki wani ya ci moriya ake faɗa wa haka, shi kyarkeci aikin me ya yi wa wani? Toh ku faɗa mana.

Bazazzagi:
Yayanka ya fi ka gaskiya. Kurar gardi a hannunsa take, da takunkumi da sarƙa, ita ke rawa a kasuwa. Na daji ba ya cikin lissafi. Kuma mu karɓar kuɗi muka sani, kwashewa sai Kanawa, su ne ba sa barin ko sisi a faifai.

Ɗan Kurmi:
An fara ke nan. Ku da kuka iya karɓa me kuka tara?

Malam na Zaure:
Ni ina ganin maganar direba ta zauna. Ba dole sai kura ta yi aiki ba, sunanta ma kaɗai jari ne, a tsorata mutane da ita a tara kuɗi. Ku tuna 'yan'uwan Annabi Yusuf alaihis salam, jinin ƙarya suka shafa wa riga suka ce kyarkeci ya cinye shi, alhali ko ganin yaron bai yi ba.

Jikan Ardo:
Allah gafarta Malam, wancan an yi masa ƙage, amma waɗannan fa suna cin maruƙan mutane da gaske. Duk wanda bai taɓa tashi da asuba ya tarar da abin da ya yi shekara yana kiwo an farke masa ciki ba, ba zai gane ba. A wurina makiyayin shi ne kurar, shi ke shan bugu ta ko'ina, masu kare dabbobi na birni su tara gudummawa da hoton kyarkeci, mafarauta su tara tasu da hoton saniyarsa, shi ko oho.

Direban Milwaukee:
Jikan Ardo jiha tana biyan diyyar dabbar da aka tabbatar kyarkeci ya kashe, har karen farauta ana biya, yana kaiwa dala 2,500. Kuma akwai 'yan asalin ƙasar, Ojibwe, su a al'adarsu kyarkeci ɗan'uwa ne, an ware musu 81 a rabon suka karɓa suka ƙi harbin ko ɗaya don su tsira, ƙarshe abin da waɗancan suka zarce da shi ya cinye nasu kason har da ƙari.

Jikan Ardo:
Diyya ba ta mayar da saniyar da ka san uwarta da kakarta.

Maman Ilham:
Ku tsaya in ba ku labarin da kakata Allah ya jiƙanta take ba mu, don tun da direba ya fara rubutu shi ke yawo a kaina. Tana amarya a ƙauyensu, lokacin daji na nan har bakin gari, sai awaki suka fara ɓata, yau ta gidan wane gobe ta gidan wance, har da tunkiyar da aka ba ta ta gara. Kowa ya ce kura ce, kuma da gaskiyarsu don da dare ana jin kukanta ta bayan rafi. Sai maharban garin suka je wurin dagaci suka ce a ba su izini su shiga dajin da aka hana sa wa wuta, kuma kowane gida ya kawo damin gero na kuɗin albarushi. Inna ta ce har matan da mazansu suka tafi cin rani sai da aka karɓi nasu, wata tsohuwa da ba ta da ko kaza ita ma aka ce ta kawo don wai kura ba ta tambayar mai akuya kafin ta shigo. Aka yi kwana da kwanaki ana kiɗan tauri ana kirari, suka kashe kuraye biyu aka zagaya gari da su a kan itace yara na bi suna waƙa, aka sayar da gashi da kitse da duk abin da masu magani ke nema, ranar Inna ta ce ba ta taɓa ganin shugaban maharban da riga mai aiki ba sai bayan nan. Toh ba a yi sati biyu ba aka sake ɗauke akuya. Suka ce ai saura uwar, a ƙaro gero.

Ɗan Kurmi:
Kasafin kuɗi na cike giɓi ke nan hhhh, ashe abin nan gado ne.

Maman Ilham:
Bari dai ka ji. Mijin Inna wato kakanmu ya je cin kasuwa wani gari can gaba, yana zaune wurin masu fata sai ya hango fatar tunkiyar nan, ya gane ta da tsagar kunne irin ta gidan surukansa. Aka bi diddigi, ashe wasu samari ne biyu ke kai wa wani mahauci da dare, ɗaya ma ɗan ƙanen ɗaya daga cikin maharban. Maganar ba ta je gaban alƙali ba aka kashe ta a zauren dagaci, gero kuwa ba wanda aka mayar wa. Abin da ya fi damun Inna har ta tsufa tana faɗa, damunar da ta biyo baya jaki ya mutu a bayan gari ya yi kwanaki yana wari ba mai ɗauke shi, da kuwa kafin gari ya waye an share wurin. Amma fa kar in yi mata ƙarya, ita da bakinta ta ce kura ta taɓa cizon wani yaro a fuska yana barci a waje lokacin zafi, kuma maharban nan dai su suka bi ta. Ba ta taɓa zaginsu ba, geronta kawai take kira.

Babarbare:
Allah ya jiƙan Inna. Anti kin ga dalilin da ya sa ba na son a yi wa mafarauta kuɗin goro. Da aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014 su waye suka shiga gaba da bindigar toka? Shekara nawa suna zarya majalisa a Abuja a yi musu doka a san da zamansu? In ana neman kura mai shan bugu a ƙasar nan su ne, gardin kuma yana can cikin mota mai baƙin gilas, sai zaɓe ya matso ya tuna da su ya raba musu tocila.

Ɗan Kurmi:
Tocilar ma babu batir, kuma da hotonsa a jiki.

Bazazzagi:
Namu gardawan ai sun wuce nan, su kurar ma ba su da ita, hotonta suke nunawa a karɓi kuɗin tsaro.

Ɗalibi a Hanoba:
Ni dai tawa karin maganar daban ce, kura ta san gidan mai babbar sanda, amma kyarkecin Jamus bai sani ba. A 2022 ya shiga wata makiyaya kusa da nan ya kashe 'yar tsohuwar goɗiyar Ursula von der Leyen, shugabar hukumar Tarayyar Turai. Manoma da mafarauta sun yi shekaru suna kuka a sassauta dokar kare shi, ƙarshen 2023 hukumar ta kawo shawarar a sassauta, ƙarshen 2024 aka amince. Su sun ce yawan da ya yi ne dalili, mutanen gari kuma kowa da abin da yake faɗa.

Jikan Ardo:
Ka ji ko. Tumakin talaka dubu nawa aka ci kafin nan?

Malam na Zaure:
Ni tambayata ga Maman Ilham, shi kakan naku da ya gane fatar, an biya shi tunkiyar kuwa?

Maman Ilham:
Malam ɗan akuya aka ba shi wai a rufa asiri, Inna ta ce ko kwana arba'in bai yi ba ya mutu.

Direban Milwaukee:
Toh ni yanzu me zan ce wa yaya? Na shigo da kura ɗaya kun mayar min da ita huɗu. Kuma na manta ban faɗa ba, a Fabrairun 2022 wani alƙalin tarayya a Kalifoniya ya mayar da kyarkecin cikin jerin waɗanda ba a taɓawa, mafarautan kuma suka koma bin 'yan majalisa a cire shi.

Bazazzagi:
Ka ce masa karɓar kuɗi ne ba kwashewa ba, daga nan sai ku ɗora.

Babarbare:
Jikan Ardo wai ina shanun da kake ta kuka a kansu, ba a Kaduna kake sayar da waya ba?