Ido ba mudu ba, ya san kima: idon wa ake nufi?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum. Wata karin magana ta haɗa ni gardama da yayana jiya, na ce bari in kawo ta gaban manya. Innata, ƙanwar mahaifiyarmu, tana sai da turaren wuta da humra. Ta ba ni jika 30 in yi mata shafin intanet, don masu saye daga Yamai da Damagaram su ga kaya, su danna, su same ta a WhatsApp. Kuɗin sun ƙare wajen sayen sunan shafi da wurin ajiye shi. Na sa rubutu ruwan gwal bisa farin fili, don ya tafi da kwalaben turaren, kuma a kwamfutata ya yi kyau ƙwarai. Yaya ya ce kar a saki sai an gwada launin ga mutane. Na ce mishi kuɗin gwaji babu, kuma ai ido ba mudu ba, ya san kima. Ya ce na aza maganar inda ba wurinta ba. Wa ke da gaskiya?

Mushe mai ritaya: Wa alaikumus salam. Ɗana, yayanka bai yi kure ba. Sake karanta maganar daga farko: kafin a yabi ido, sai da aka ce shi ba mudu ba ne. Kima kuwa kintace ce, kusa da daidai. Inda na san ana faɗinta shi ne wajen rabo: an raba nama kashi-kashi, wani ya ga nashi ya gaza, ko an miƙo ma hatsi an ce tiya 3 ne, kai ko ka ga bai kai ba. Yawa da ƙaranci take magana a kai. Ban taɓa jin an ja ta zuwa ga kyau da muni ba.

Tela na Sabon Gari: Mushe, a gafarce ni, ni ina bayan yaron. Shekara 20 ina haɗa zare da shadda, ban taɓa tara jama'a su zaɓa mini launi ba. In ka tambayi mutum 10 za ka ji launi 10. An ce dambu, in ya yi yawa ba ya jin mai. Mai sana'a ya tsaya kan idonshi.

Hajiya mai awo: Tela, idonka a ina ya koyi haɗin? Ba daga rigunan da aka maido ma ana ƙorafi ba? Ni tun ina budurwa nake awon gero da wake a babbar kasuwa. Yau in aka juye buhu bisa tabarma, kafin a ɗauko tiya zan faɗa ma yawanshi, kuma da wuya in kauce da fiye da ɗaya. Amma fa sai da hannuna ya cika tiya ya share bakinta sau dubbai kafin idon ya iya. Yarinyar da na ɗauka bara, in ta kintata, hasara za ta ja mini. Ɗana, shafi nawa ka yi kafin wanga?

Ɗan Mokoyo: Na biyu ke nan, Hajiya.

Hajiya mai awo: To idonka bai gama zama da mudu ba tukuna. Ba laifi ba ne, lokaci ne bai yi ba.

Mai gyaran salula: Ni abin da ya fi damuna, a ina ka duba shafin? Cikin ɗaki, a inuwa, bisa gilashin kwamfuta. Masu sayen turaren Inna kuwa da Itel da Tecno za su buɗe shi, wasu gilashin ya tsage, da yawa sun rage haske don caji ya kai su dare. Fito da wayar tsakar rana a watan Afirilu ka gani: ruwan gwal bisa fari ɓacewa yake yi ɗungurum. Kullum mutane na kawo mini waya suna cewa ta lalace, alhali rubutun ne ba ya fita.

Ɗalibar jami'ar Dan Dicko: Yaya, mudun nan akwai shi, kuma ba a biyan ko dala. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafi, wadda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar, ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da filin da yake kai ya kai 4.5 bisa 1, babban rubutu kuma 3 bisa 1. Baƙi bisa fari 21 ne. Ruwan gwal irin wanda aka saba sawa, bisa fari, bai wuce 2 da ƴan kai ba. Shiga shafin WebAIM, mai awon bambancin launi, ka zuba lambobin launukan biyu, nan take zai ba ka amsa. Ga mutane kuma, Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafi, ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum 5 kan fito da wajen kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Kar ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce e. Miƙa musu wayar ka ce su nemo kuɗin humra, su aika wa Inna saƙo, kai kuma ka yi shiru ka kalli yatsansu.

Tela na Sabon Gari: Ƴata, na yarda da batun karantuwa. Amma awo ma yana wuce gona da iri. Na ji Google sun taɓa gwada shuɗi iri 41 don su zaɓi ɗaya.

Ɗalibar Dan Dicko: Gaskiya ne Baba, an yi wannan, har babban mai zanensu Douglas Bowman ya ambace shi da zai bar kamfanin a 2009. Su masu shiga miliyoyi gare su, raba su biyu, a nuna wa kowane kashi launi daban a ƙirga masu dannawa, yana ba da amsa. Shafin Inna in mutum 15 suka shiga a rana, irin wannan gwaji ba zai nuna komai ba. Zaɓen gwal naku ne ku masu ido. Ko ana iya karanta shi, wannan na mai saye ne.

Ɗan Mokoyo: Na dawo. Bayan azahar na zaga da wayar Inna: maƙwabciyarmu, wani ɗan kabu-kabu, ƴan mata biyu a shagon ɗinki, da Inna kanta. Mutum 3 sai da suka kare gilashin da tafin hannu. Inna ta ja wayar har kusa da hanci, ta karanta jika 3 a wurin jika 8. Na maida filin baƙi na bar gwal ɗin, awon ya tashi zuwa wajen 10. Maɓallin WhatsApp kuma na ɗauko shi daga ƙasa na kai sama, don ɗan kabu-kabun bai gan shi ba sam. Shayin da na saya musu dala 100 ne.

Tela na Sabon Gari: Gwal bisa baƙi, ai da ka tambaye ni tun farko shi zan ce ma. Turo mini in gani a tawa wayar, ita ma gilashinta a tsage yake.