Muhawara: Shin a 1851 talakan Birtaniya ya fara cin moriyar masana'antu?

Malam Habibu: Ni ina nan kan bakana, 1851 ita ce shekarar da talakan Ingila ya fara ganin amfanin masana'antu da idonsa. Ranar 1 ga Mayu Sarauniya Victoria ta buɗe babban baje kolin duniya a filin Hyde Park na Landan, cikin katafaren ginin gilashi da ƙarfe da Joseph Paxton ya zana. Kafin a rufe a Oktoba, masu ziyara sun kai kusan miliyan 6. Akwai ranakun da aka sauke kuɗin shiga zuwa sule ɗaya, ma'aikata suka riƙa cika jiragen ƙasa daga arewa suna zuwa Landan. A 1848 fa fargabar juyin juya hali ake yi a birnin nan.

Hajiya Rabi: Malam, sule ɗaya ga wa? Leburan gona a wasu yankunan kudancin Ingila ko sule goma ba ya samu a mako. Ya biya jirgi, ya biya ƙofa, iyali su ci me? Kuma ka duba ƙidayar shekarar. Ireland tana ƙarƙashin Birtaniya a lokacin. Mutanenta sun haura miliyan 8 a 1841, a 1851 sun koma kusan miliyan 6 da rabi, saboda yunwar da ta biyo bayan ruɓewar dankali da kuma ƙaura. Ana kallon injuna a Landan, can kuwa ƙauyuka sun zama kufai.

Malam Habibu: Hajiya, yunwar Ireland abin baƙin ciki ce, amma daga 1845 ta faro. Ni alkiblar nake magana. A 1851 aka soke harajin taga, wanda ya sa masu gidajen haya suke toshe tagogi da bulo, talaka yana kwana ba iska ba haske. A shekarar kuma ƙwararrun ma'aikatan injuna suka haɗe cikin babbar ƙungiyar ƙwadago guda. Ribar bajen, kimanin fam 186,000, da ita aka sayi filin Kensington ta Kudu inda gidajen tarihi suke har yau.

Auwal: Baba Malam, a yi mini afuwa, amma ƙwararrun nan 'yan tsiraru ne. Mace ko matashi a masaƙar Lancashire, awa goma da rabi doka ta yarda su yi a rana, a tsaye, cikin ƙurar auduga da ƙarar injin da sai da alamar baki ake magana. Audugar ma yawancinta bayi ne suka nome ta a jihohin kudancin ƙasar Amurka. Lu'ulu'un Koh-i-Noor da aka yi ta layin kallo a bajen, daga yankin Punjab na Indiya aka ɗauko shi bayan Birtaniya ta mamaye yankin a 1849. Wadatar akwai ta, amma gumin wasu ne.

Hajiya Rabi: Ka ƙara da ƙuri'a, ɗana. Namiji ɗaya cikin biyar ne kawai yake zaɓe a Ingila, mata kuwa babu ko ɗaya.

Malama Zainab: Ku bar ni in kawo abin gida. A watan Fabrairun 1851 Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya shigo Kano, kuma gwamnatin Birtaniya ce ta ɗauki nauyin tafiyar don neman hanyoyin ciniki. Ya tarar da saƙa da rini suna ci, tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu. A Disambar shekarar jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta, aka kori Sarki Kosoko aka maido tsohon sarki Akitoye, da sunan hana cinikin bayi. Masana'antar da Malam yake yabo kasuwa take nema, kuma har ta fara leƙo tamu.

Malam Habibu: Malama, na ji, amma kun faɗaɗa maganar. Ni talakan Ingila na ce. Ƙidayar 1851 ta nuna a karon farko mazauna birane sun fi na karkara yawa. Da birni bai fi ba, me ya kwaso su?

Auwal: Rashin gona, Baba. Filin na masu ƙasa ne, aikin kuma na damina. A Manchesta da Liverpool ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka tarar, ga kwalara da ta kashe dubban mutane a 1849.