Shawarwarin magina tukwane ga mai son farawa

Da aka tattauna kan masu neman natsuwa ta hanyar ginin tukwane, bakin magina ya zo ɗaya: a fara da ƙaramin kasko, a bar randa sai hannu ya faɗa. Sun fi daɗewa a kan yumɓu. A jiƙa shi ya kwana, a tsince tsakuwa, a zuba dakakken tsingaro, a cuɗa sosai. Shanya kuwa a inuwa, musamman da hunturu. Wasu sun ce sai da injin juyi, wato faifan da ke juyawa ana gina tukunya a kansa, amma ni ina bayan masu cewa hannu ya isa: da hannu Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane ta Najeriya, ta koya tun tana yarinya.