Kura ta sa fatar akuya, wa zai yi ihu?

Tsohon Dattijo:
Salama 'yan'uwa, batun annabawan ƙarya ya dame ni shi ya sa yau na zo da waƙa, mai amsa ya amsa da baiti don Allah banda dogon turanci.

Ku farka masu tsaron ƙofar ikilisiya,
Kura ta sa fatar akuya ta shigo tsakiya,
Wajen Haleluya ta fi kowa ɗaga murya,
Ta ce "an nuna mini", ashe duk ƙarya,
Matiyu 7:15 tun tuni ya faɗi gaskiya,
Ni dai a sa sakata, baƙo ya kama hanya.

Malamar Lahadi:
Baba sannu da ƙoƙari, amma sakata kaɗai ba za ta yi ba fa.

Baba ka manta da ɗan gari kan ci gari,
Bulus ya kira dattawan Afisa ya ja kunne da wuri,
Ya ce kyarketai na tafe, garke na cikin haɗari,
Kuma daga cikinku wasu za su taso da nasu tsari,
Shekara 3 yana gargaɗi da hawaye ba jinkiri,
In ka kulle ƙofa, wa ka kulle a ciki? Yi nazari.

Ayyukan Manzanni 20 ne daga aya 28, a Militus aka yi zaman.

Mai Jita:
Iyayena ku yi haƙuri, ni zan faɗi ta bakin masu bin su ɗin don ni ma na taɓa bi, kuma ba wauta ce ta kai ni ba.

Mamata ta kwanta wata 4 ba wanda ya leƙa ta,
Katin zakka kawai aka aiko a tuna mata,
Sai ga wani a Facebook yana kiran sunan cutarta,
Ya ce mu shuka iri, wato mu ba shi kuɗi, mu sayi mai mu shafa mata,
Ta zubar da magani wai bangaskiya ta ishe ta,
Da ƙyar a asibiti aka ceto ranta,
Ƙadangare ba ya shiga sai katanga ta tsage, to wa ya tsaga ta?

Tsohon Dattijo:
Kai ɗana ka ɗaure ni da jijiyata. Ezekiyel 34 ka karanta mana ba ka sani ba, makiyayan da ke shan nono su bar marar lafiya kwance. Amma shi mai sayar da man nan ba zan ƙyale shi ba.

Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, ko ƙwandala,
Gehazi ya bi baya ya karɓo, ya kwashi kuturta da wahala,
Siman mai sihiri ya kawo kuɗi zai sayi baiwar Allah,
Bitrus ya ce ka hallaka da kuɗinka, ba a wannan cinikin da Allah.

Mai Tone-tone:
Malama ki ba ni wuri in sa baki, tawa ta tarihi ce kuma ba daɗin ji.

William Miller ya sa ranar dawowar Almasihu, 1844 ta zo ta wuce,
Harold Camping ya ce 21 ga Mayu 2011, rana ta fito ta faɗi da maraice,
Jim Jones a Guyana 1978, mabiyansa sama da 900 suka mace,
A dajin Shakahola na Kenya 2023, azumi har mutuwa aka ce,
Gawa fiye da 400 aka tono, da yara a ciki, zuciya ta dagule ta lalace,
Ba a dare ɗaya aka kai can ba, da hana tambaya aka fara, haka abin ya kasance.

Kullum dai salon ɗaya ne, a raba ka da danginka, a ce duk sauran coci sun ɓata sai namu, kana buɗe baki a jefo maka "kada ka taɓa shafaffe na Allah" shi ke nan ka yi gum.

Malamar Lahadi:
Yauwa ɗan'uwa, nan nake so a zo.

Mutanen Biriya Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi,
Suka koma Nassi kullum suna bincike, ba gardama ba kuma ba uzuri ba zargi,
Luka bai ce sun raina manzo ba, yabo ya ba su mai nauyi,
Mu kuwa Littafi na kan tebur ya sha ƙura, sai Lahadi mu kaɗe shi.

Amsa-amon ya gudu mini a nan, ku yafe, maganar ce ta fi ƙarfina.

Mai Jita:
To Baba tambaya ɗaya, kada ka ce na yi rashin kunya,
In kai ne ka hau bagade ka karkata daga hanya,
Na zo da aya a hannu, za ka ji ni ko za a ce yaro ya yi girman kai ya bar tarbiyya?

Tsohon Dattijo:
Zo da Littafinka ɗana, ni ma mutum ne mai mantuwa,
Bulus ya tsauta wa Bitrus a Antakiya a gaban kowa,
Amma ka bari a tashi sujada, kada ka tare ni ina kan karantarwa,
Kuma ka faɗa mini ranar da Mama ke gida, ni da dattawa biyu muna zuwa.

Mai Jita:
Laraba da yamma Baba. Amma ku bar katin a gida.