Banza ba ta kai zomo kasuwa: wane ne zomon, ina ce kasuwar?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Jiya da dare muka yi saɓani ta waya da yayana da ke zaune a Houston, a kan Will Hurd, wanda a watan Agustan 2019 ya sanar cewa ba zai sake neman kujerarsa ta Majalisar Wakilan Amurka ba, alhali shi kaɗai ne baƙar fata daga jam'iyyar Republican a zauren, kuma shekarunsa 41 kacal. Na ce mutum ya gaji ne ya tafi neman abincinsa a wani fage, domin shi da bakinsa ya ce yana so ya koma harkar fasaha da tsaron ƙasa. Yaya ya ce mini banza ba ta kai zomo kasuwa, ya kashe waya. Ina neman fatawa: ya yi amfani da karin maganar a muhallinta?

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Wa alaikumus salam. Yayanka bai yi kuskure ba. Makonni biyu kafin sanarwar, Hurd yana cikin 'yan Republican huɗu kacal da suka goyi bayan ƙudurin yin tir da Shugaba Trump, bayan ya ce wasu 'yan majalisa mata huɗu, ciki har da Ilhan Omar haifaffiyar Somaliya, su koma inda suka fito. Kafin nan ya daɗe yana sukar shirin gina katanga a kan iyakar Meksiko, kuma mazaɓarsa ta 23 a Texas tana da iyaka da ƙasar mai tsawon kusan mil 800. Wanda ya tsaya haka a cikin jam'iyyar da ta riga ta yi mubaya'a, ya san inuwa ta ƙare masa.

Lauyan Gwagwarwa: Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan saɓa. Zomo ba ya zuwa kasuwa da ƙafarsa, kai shi ake yi, a rataye a kafaɗar mafarauci. Saboda haka maganar ta fi dacewa da wanda aka kayar, kamar 'yar majalisa Mia Love ta jihar Utah da ta faɗi zaɓen 2018. Hurd kuwa ya tsira a wannan zaɓen da ratar ƙuri'u 926 kawai, kuma tsohon jami'in leƙen asiri na CIA ne, wato mutumin da aka horar ya gane lokacin barin gari. Ni a ganina tsoron masu zaɓe ne ya fitar da shi, ba jam'iyya ba. Kada mu manta a watan Disamban 2019 ya ƙi amincewa a tsige Trump.

Hajiya Uwar Marayu: Ƙanena Lauya, wanda ya ce zomo ba ya zuwa kasuwa da ƙafarsa bai zauna da kakata ba, Allah ya jiƙanta. Ta ba mu labari cewa tana budurwa, wata ranar kasuwar garinsu bayan kaka, tana zaune gaban ƙwaryar furarta sai ga zomo a guje ya ratsa ta rumfar masu gishiri, ya faɗa tsakanin buhunan gero. Kasuwa ta yamutse. Yara suka bi shi da sanduna, aka kifar da nonon wata Bafulatana, aka tattake tumatirin mutane. Da aka kama shi sai rigima ta koma kan mai shi: mai geron ya ce a buhunsa ya ɓuya, yaron da ya doke shi ya ce nasa ne, sarkin pawa ya ce duk naman da ya shigo kasuwa sai ya bi ta hannunsa. Suna cikin wannan shari'a, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ɗaga kai ta ga hayaƙi ta gabas. Ashe mafarauta ne suka cinna wa daji wuta, iska ta juya, kuma kafin jama'a su isa ta cinye rumbuna uku a bakin gari. Kakata ba ta taɓa yarda cewa karin maganar tana nufin zomon ya yi laifi ko an kama shi ba. Ita a wurinta, idan ka ga zomo a kasuwa ka duba daji.

Ɗan Zazzau: Hajiya, to wace wuta ce ta biyo baya? Yaya yana cewa jam'iyyar ta rufe ƙofa ga tsiraru, amma a 2020 Byron Donalds ya ci a Florida, Burgess Owens ya ci a Utah, a 2022 kuma Wesley Hunt da John James suka shigo, duk baƙaƙe ne 'yan Republican. Kujerar Hurd ma Tony Gonzales ne ya gaje ta, ɗan asalin Latin Amurka.

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Wannan lissafin ya gyara maganar yayanka ne, bai rushe ta ba. Waɗanda ka ambata duk sun mara wa Trump baya. Abin da ya ƙare shi ne wurin zaman mai sassaucin ra'ayi, ko wane launi ne. Gonzales ɗin da kansa, reshen jam'iyyar na Texas ya yi masa tir a 2023, wani ɓangare saboda ya goyi bayan dokar taƙaita bindiga bayan kisan yara 19 da malamai biyu a makarantar Uvalde da ke mazaɓarsa, kuma da ƙyar ya sha a zaɓen fid da gwani na 2024. Hurd kuwa da ya fito takarar shugaban ƙasa a 2023, ihu aka yi masa a Iowa, kuma ya janye a watan Oktoba.

Sarkin Barkwanci: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne ɗan majalisa mai shekara 41 ya ajiye kujera da hannunsa. Namu zomayen idan daji ya kama wuta sai su sauya sheƙa zuwa jam'iyyar mai ashana, washegari kuma a gan su a talabijin suna cewa jama'ar mazaɓa ce ta matsa musu. Akwai wani da na sani ya zaga jam'iyyu huɗu, hular kawai yake sauyawa.

Lauyan Gwagwarwa: Ban janye ba tukuna. Labarin Hajiya ya nuna zomo yana iya zuwa da kansa, amma a wannan fassarar "banza" ta koma wuta, alhali mu a Kano mun taso muna jin ana faɗarta ga wanda aka kama da abin da ya jawo wa kansa. Ina so wani daga Sakkwato ko Damagaram ya gaya mana yadda suke amfani da ita.

Sarkin Barkwanci: Kafin su iso, Hajiya, a ƙarshe wa ya ci zomon?

Hajiya Uwar Marayu: Sarkin pawa mana. Lokacin da kowa ya ruga kashe wuta, shi kaɗai ya tsaya gadin kasuwa.